Fankar fanbel ko fankar lantarki a motar Dodge Charger ta 1969?

Charger mai injin 440, wato lita 7.2, idan ta ɗau zafi a cunkoso amma ta huce da zarar an hau titi, matsalar iska ce. A nan ake gardamar fanka.

Fankar asali da fanbel take juyawa, saurinta ya dogara da na injin. A tsaye kuwa injin a hankali yake, iskar ta yi kaɗan. Sau da yawa laifin na murfin da ke kewaye da fankar ne: ya fashe, ko wani bakanike ya cire bai mayar ba, sai iska ta riƙa shigowa ta gefe ba ta ratsa lagireto ba. Gyaransa da araha.

Fankar lantarki ba ruwanta da saurin injin, amma tana cin wuta sosai. Altanetar wancan zamani, wato na'urar da ke cajin batir, da tsofaffin wayoyinta ba lallai su ɗauka ba, sai an canja su.

Ni dai a fara da murfin. In kuma a guje take zafi, a duba lagireto ko ya toshe, fanka ba ta da laifi.