Hayar sunan babban kamfanin kofi ko shago na kanka: wanne za ka zuba wa jari?

Duk wanda ya tara jari yana son shiga harkar sayar da kofi, sunan da ke fara faɗo masa a rai shi ne Starbucks. Ba abin mamaki ba ne, shago ɗaya ne a kasuwar Pike Place ta birnin Seattle a 1971, ga shi yau rassansa sun haura 40,000. Amma kafin ka ciro ko sisi, bincika yadda kowane babban kamfani ya bunƙasa, don a nan ake gane wa ke kwasar riba, wa kuma asara ke hawa kansa in kasuwa ta juya.

Shi dai Starbucks ba kasafai yake ba mai ƙaramin ƙarfi sunansa ba. A 2024, sama da rabin rassansa da kansa yake tafiyar da su, sauran kuma suna hannun masu lasisi: manyan kantuna, otal-otal, filayen jirgin sama, ko kamfanin da ya karɓi yanki guda. Alshaya na Kuwait ne ke riƙe da Gabas ta Tsakiya, a Indiya kuwa tun 2012 aka yi rabi da rabi da kamfanin Tata. Ko manyan ma ba kowa ke kai labari ba. Kamfanin Taste Holdings ya kai sunan Starbucks Afirka ta Kudu a 2016, bai wuce 2019 ba ya sayar da rassan, saboda kuɗin da faɗaɗawa ke ci ya fi ƙarfinsa. In ba irin wannan aljihun gare ka ba, cire wannan ƙofa daga lissafi.

Ƙofar da ke buɗe wa ɗaiɗaikun 'yan kasuwa ita ce ta hayar suna, wato ka biya kamfani ka buɗe shago da sunansa, irin ta Dunkin' da Tim Hortons. Dunkin' ya fara a 1950 a jihar Massachusetts, ya soma ba da hayar sunansa a 1955, kuma kusan duk rassansa na masu haya ne. Abin da za ka samu ba kaɗan ba ne: sunan da aka riga aka sani, horar da ma'aikata, hanyar samun kaya, da tallar da kai kaɗai ba za ka iya biya ba. Wanda bai taɓa riƙe shago ba zai huta da kurakurai da yawa.

Sai dai a nan nake so ka nutsu. Kason kamfani daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. A Amurka, in aka haɗa la'adar Dunkin' da kuɗin talla, kusan dala 11 ke tafiya cikin kowace 100 da ta shigo, tun ba ka biya hayar shago da albashi da madara ba. Watan da ka faɗi ma kamfani ya samu nasa. Shi ya sa buƙatarku ba ɗaya ba ce a kan yawan rassa. In aka buɗe wani reshe kusa da kai, jimillar cinikin unguwar ta ƙaru, kamfani ya ci gaba, kai kuwa an raba maka masu saye biyu. Starbucks da kansa ya ɗanɗana wannan a 2008, lokacin da ya sanar da rufe rassa kusan 600 a Amurka, yawancinsu sababbi ne. Rassan nasa ne, don haka shi ya haɗiye asarar. Da na haya ne, gidajen mutane za ta shiga. Haka kuma kamfani na iya canja hannu kana tsakiyar yarjejeniya: bayan haɗewar Tim Hortons da Burger King a 2014, masu rassa a Kanada sai da suka kafa ƙungiya a 2017 don ƙalubalantar sababbin masu gidan kan tsadar kaya da kuɗin talla.

Akwai darasi a wajen Luckin na China, wanda aka kafa a 2017. Rassansa ƙanana ne, kujeru kaɗan, mutum ya yi oda ta waya ya zo ya ɗauka. Hayarsa da ma'aikatansa ba su da nauyi, kuma a 2023 cinikinsa a China ya zarce na Starbucks. Amma shi ne kuma aka kama a 2020 da ƙirƙirar cinikin bogi na kimanin dala miliyan 300, har aka cire shi daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Ɗauki dabarar ƙaramin shago, kada saurin buɗe rassa ya ruɗe ka.

Shago na kanka fa? Babu la'ada, farashi da ɗanɗano duk a hannunka suke, amma komai a wuyanka. Da farashin kofin Arabika ya haura dala 4 kan kowace laba (kusan rabin kilo) a Fabrairun 2025, manyan kamfanoni suna da kwangilolin saye na dogon lokaci da suka rage musu zafi, ƙaramin mai shago kuwa kai tsaye ya ji a jikinsa. Duk da haka ba a raina shi. A Ostireliya ƙananan shaguna ne suka riƙe masu shan kofi, har Starbucks ya rufe rassa sama da 60 a 2008.

Ni a ganina, mai matsakaicin jari da ya san aikin ya fara da ƙaramin shago nasa a wurin da jama'a ke wucewa da safe. Wanda bai san aikin ba amma yana da ƙarfin jari, hayar suna ta fi masa, muddin bai yi cinikin biri a sama ba. A Amurka doka ta wajabta a ba ka takardar bayanan kamfani kwana 14 kafin sa hannu, har da sunayen waɗanda suka bar harkar. Ko a ƙasar da babu wannan doka, nemi irinta. Kira waɗanda suka fita ka ji dalilinsu, sa lauya ya duba ko an rubuta iyakar yankinka, da wanda zai biya gyaran shago in kamfani ya canja fasali. In aka ƙi rubuta iyakar yanki, kada ka sa hannu.