Gidan leda ko rumfar raga: wanne ya dace da garkar gida a Maradi?

Hajiya, kin tambaya ko ki kafa gidan leda irin wanda ake nunawa a bidiyo, ko kuwa rumfar raga ta ishe ki, don tumatir da salati a ɗan filin bayan gidanki na Tibiri. Ni dai raga zan ce miki.

Gidan leda don ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro shi, aikinsa ya tara zafin rana ya riƙe. Mu kuwa ba zafi muka rasa ba. A Afrilu da Mayu zafin Maradi kan haura digiri 40, cikin rufaffiyar leda kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Tumatir, da zarar zafi ya kai wajen digiri 35, fure yake zubarwa: ki ga shuka ta yi kore shar, amma ba ɗa. Salati ya yi ɗaci, ya miƙe ya fid da kai. Masu manyan gidajen leda suna maganin wannan da fankoki da bangon da ake jiƙawa, wato wuta da ruwa ba yankewa. Wa zai ɗauki wannan ɗawainiya saboda miyar gida? Ga tsada kuma. Ledar da ke jure rana kuɗi gare ta, ta kasuwa kuwa rana ke gasa ta har ta riƙa ɓarkewa a hannu.

Raga tana rage kaifin rana, iska kuma na ratsawa. Wadda ke tare kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na haske ita ta dace da kayan miya. In ta fi haka duhu, tumatir ya yi tsawo sirit ba ƙarfi. Ƙasa ba ta saurin bushewa a ƙarƙashinta, wannan kuma babban abu ne ga mai sayen ruwa ko mai ja daga rijiya. Kaji, tsuntsaye da awakin maƙwabta duk ta raba ki da su.

Sai dai raga iri biyu ce, a nan mutane ke ruɗewa. Ta inuwa idonta manya ne, farin ƙuda mai kawo nannaɗewar ganye yana wucewa abinsa, haka ma malam-buɗe-littafin tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Mai ƙananan ido ita ke tare su, amma tana rage iska, ƙurar hunturu kuma na toshe ta, sai an riƙa wankewa. In kin rufe ko'ina ruf, ƙudan zuma ma ba zai shiga ba. Tumatir ba ruwansa, ki dai girgiza sandunansa da hantsi fure zai ɗauka, amma kankana da kabewa ki bar su waje.

Leda tana da ranarta: damina. Ruwan Agusta kan bugi fure, ya fantsama laka a ganye, cuta ta biyo baya. Rufin leda a sama kawai, gefe a buɗe ko a zagaye da raga, shi ke ba da tumatir lokacin da ya yi tsada a kasuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ba ki buƙatar ko ɗaya, domin manoman Jiratawa da na bakin gulbi a fili suke noma, kaya kuma ya cika kasuwa ya yi araha.

Kowanne kika zaɓa, ginshiƙai su ne magana. Iskar farkon damina ba ta barin rumfa mai rauni, gara kuma na cin icce ta ƙasa ba ki sani ba, don haka ƙarfe da siminti sun fi. Tsayi ya kai mita 3 don zafi ya samu wurin tashi. Kada ki maimaita tumatir a kwami ɗaya kowace shekara, saiwa za ta yi ƙulle-ƙulle. Ki riƙa sauyawa da albasa ko masara. In kuɗin ba su kai ba bana, ki fara da rufe gadon renon iri da raga mai ƙananan ido, tunda farin ƙuda tun a reno yake sa wa tumatir cutar.