Cikon bargo: wanda ya ruɗe ni a kasuwa da wanda ya kwanta a jiki

Na daɗe ina tara ƙyallayen atamfa da ke ragewa a wajen ɗinki, ina harhaɗa su ina yin bargo mai ciko, irin mai hawa uku: fuska, ciko a tsakiya, sai shafi a baya. Fuskar ba ta taɓa ba ni wahala ba. Cikon ne ya sha kunyata ni.

Da farko fiba, wato audugar roba, nake saye a Kantin Kwari, mai kaurin nan da ake sa wa zanin gadon amare. In kika danna ta a shago sai ki ji kamar burodi sabon gashi, ga arha, ga rashin nauyi. Da ita na yi wa Hajiyarmu bargo a wani hunturu. Ya yi kyau a kan gado, ba ƙarya. Amma da ta lulluɓa sai ya tsaya mata a sama kamar rumfa, iska na shiga ta gefen wuya da ƙafa. Kwana biyu ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, wannan na ado ne ko na rufa?" Ta koma wa tsohon mayafinta. Bayan wanki kuma gashin fibar ya fara leƙowa ta ramukan allura, fari fat a kan atamfa mai duhu.

Daga nan na gane laushin da hannu ke ji daban, bin jiki daban. Fiba mai kauri tana da tsalle, kina lanƙwasa ta tana miƙewa. Abin rufa kuwa so ake ya zube, ya bi kafaɗa da gwiwa.

Ƙanwar maigidana da ke Amurka ce ta taho mini da wani ciko mai suna Hobbs Heirloom 80/20, wato kashi 80 auduga, kashi 20 fiba, na wani kamfani da ke Waco a jihar Texas. Girman da ta kawo inci 90 ne da 108, ya ishi babban gado har da rara. Da na buɗe ledar raina bai kwanta ba, don siriri ne, bai kai rabin kaurin fibar da na saba da ita ba. Har na ce a zuciyata wannan ne aka ɗauko tun daga Amurka? Na shimfiɗa shi ya kwana don layukan ninki su sake, sannan na rataya shi a dantsena. Sai ya sauko ta kowane gefe kamar tsohon zani. Yanzu duk cikon da zan saya haka nake gwada shi, na daina dannawa.

A keke bai ba ni matsala ba. Auduga tana kama yadi, ba ta zamewa, don haka fuska da shafi ba su yi ta gocewa ba, kuma bargon ya shige ƙarƙashin hannun keken ba tare da kokawa ba. An rubuta a jikin ledar kada tazarar ɗinki ta wuce inci 4. Ni kuwa, don son burgewa, sai na bi gefe ɗaya da layuka kusa da kusa, ko inci 1 babu a tsakaninsu. Wannan gefen ya ƙandare kamar tabarma. Laifina ne, ba na cikon ba. Na zauna da reza na warware yawancin layukan, bayana har ciwo ya yi, na bar tazarar inci 3. Nan take laushin ya dawo. Ko da cikon alharini kika samu, in kika cika masa ɗinki kin kashe shi.

Sai wanki. Auduga tana ɗan tsukewa, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 bisa abin da suka rubuta, shi ya sa bargon ya fito da 'yan tattara a jikinsa. Wata maƙwabciyata ta ce ya yi kama da wanda ba a goge ba. Ni wannan tattarar ce ma ta burge ni, kuma ya fi laushi bayan wanki na uku fiye da ranar da na gama shi. Abin lura ɗaya, in ya jiƙe yana da nauyi, kuma ya fi fiba daɗewa a igiyar shanya.

Shin zan sake nema? Don bargon rufa da na jarirai, ƙwarai kuwa, in dai an samu mai tahowa, don kuɗin aikowa kaɗai sai ya cinye ribar. Na adon gadon amarya da ake so ya tashi ya cika ido, fibar Kwari ta fi shi yin aikin. Hajiya dai tun watan Disamba ta karɓe sabon bargon, da shi take zaman lazimi bayan asuba, har yanzu ban sake ganinsa a ɗakina ba.