Saƙo daga Johannesburg: foloni, naman da ba ka ga mahaucinsa ba

Yaya, ina gaisuwa, ya iyali, ya jikin Inna? Ranar da muka yi waya ka tambaye ni ko gaskiya ne nama ya fi araha a Afirka ta Kudu, har ka ce kana tunanin ko akwai wata sana'ar nama ta nan da za a iya kafawa a Kano. Katin ya ƙare ban ba ka amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Nama akwai shi, amma wanda talaka yake samu kullum ba irin wanda ka sani ba ne. Sunansa foloni, a jikin ledarsa ana rubuta polony. Dogo ne mulmulalle, kaurinsa ya kai damtsen babban mutum, an naɗe shi cikin jar leda an ɗaure bakinsa biyu da ƙaramin ƙarfe. In ka yanka sai ka ga cikinsa ja-ja mai haske, sumul kamar sabulun wanka, babu jijiya, babu zaren tsoka, babu ƙashi. Tun daga masana'anta an dafa shi, don haka mutane suna ci a haka da sanyinsa. Sunan daga birnin Bolonya na Italiya ya samo asali, inda ake yin babban tsiran da suke kira mortadella, amma wanda ake ci a nan ya daɗe da zama ɗan gari.

Yadda ake yinsa shi ne a niƙa nama da kitse da ƙanƙara har su zama kamar ƙullun alale, a zuba gishiri da kayan ƙamshi da sitaci, wani lokaci da garin waken suya, a sa wani gishirin da yake riƙe launin nama, a ɗura a leda a dafa. Mafi arahar cikinsu da naman kajin da inji yake kankarowa daga jikin ƙashi ake yinsa, bayan an cire ƙirji da cinya an sayar daban, kuma yawancin wannan kankararren naman daga Brazil ake shigo da shi a daskare. Kaza ta mutu a wata nahiya, an niƙa ta a wata, yaro yana cinta a unguwar Soweto ta nan Johannesburg. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Kada ka raina shi don na faɗi haka. Na ga abin da yake yi wa mutane. A ƙananan shagunan unguwa da suke kira spaza, waɗanda da yawansu 'yan Somaliya da Habasha da Bangladesh ne suke riƙe da su, ana yanka shi fallen-fallen daidai kuɗinka, kamar yadda kake tsayawa wajen mai tsire ka ce a yanka maka na ɗari biyar. Da asuba za ka ga uwa ta sayi falle biyu ta sa tsakanin burodi ta tura yaro makaranta. Lebura ya haɗa shi da magwinya, wato fankensu, ya kora da shayi ya nufi wajen gini. Abin da burodi da ƙwai suke a teburin mai shayi a wajenmu, shi ne burodi da foloni a nan.

Inda ya fi fitowa shi ne a cikin kota. Za a raba burodi huɗu a ɗauki kashi ɗaya, wato kwata, daga nan ma sunan ya fito, a rarake cikinsa ya zama kamar akushi. Mai kota zai fara shafa acha a ƙasa, wato ɗanyen mangwaro da aka jiƙa da mai da barkono, wanda Indiyawa suka kawo ƙasar. Sai ya danna soyayyen dankalin Turawa mai laushi, ya ɗora soyayyen foloni wanda gefensa ya lanƙwashe ya yi ƙauri, in kana da hali a ƙara ƙwai da cuku, sannan a mayar da ɓargon burodin da aka ciro a rufe. Da rand 20 ko 30 ka ƙoshi har la'asar. A Pretoria sphatlho suke ce masa. A Cape Town kuma akwai gatsby, dogon burodi da mutum uku ko huɗu suke rabawa, wanda Rashaad Pandy, wani mai shagon kifi a unguwar Athlone, ya fara haɗa wa ma'aikatansa a 1976 da dankali da foloni da acha.

Yanzu ga inda zuciyata ba ta kwanta ba.

A gida ban taɓa karanta takarda don in san ko nama halal ne ba. Mun san mahaucin layinmu, mun san ubansa, mun san da asuba yake dawowa daga abbatuwa, kana tsaye zai ɗaga cinya ya yanko maka inda ka nuna. A nan idonka ba ya yi maka amfani. Foloni na alade da na kaza da na saniya duk kamarsu ɗaya, kuma da yawa akwai alade a ciki. Dole ka juya ledar ka nemi tambarin SANHA ko MJC ko NIHT, hukumomin Musulmi da suke duba masana'antu. A Mayfair da Fordsburg inda Musulmi suka yi yawa babu wahala. Amma in aiki ya kai ni wata unguwa, ko mai kota ya nuna min leda mai tambari, sai na leƙa kaskonsa, don sau da yawa a mai ɗaya yake soya komai. Na sha haƙura da burodi da lemo.

Kuma tambari ma ba ya ganin komai. Ina ƙasar nan lokacin annobar listeriya, cutar da ake ɗauka daga gurɓataccen abinci, ta 2017 zuwa 2018, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a taɓa ganin mai girmanta ba. An tabbatar da mutum 1,060 sun kamu, 216 sun rasu, kuma jarirai sabbin haihuwa suna da yawa a ciki, domin ƙwayar cutar tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. An yi watanni ana neman tushenta. Sai da wasu yara 'yan gidan reno a Soweto suka kwanta bayan sun ci foloni aka kama bakin zaren. Ranar 4 ga Maris 2018 ministan lafiya na lokacin, Aaron Motsoaledi, ya sanar cewa an gano ta a masana'antar foloni ta Enterprise da ke garin Polokwane, mallakar kamfanin Tiger Brands a lokacin. Cikin kwana biyu kantuna suka kwashe kayan, maƙwabta irin su Zambiya da Botswana da Mozambik suka hana shigo da shi, masu kota suka zauna babu ciniki. Ba a ce annobar ta ƙare ba sai a watan Satumba. Abin tsoro game da wannan ƙwayar shi ne firji ba ya hana ta yaɗuwa, amma wuta tana kashe ta.

Tun daga lokacin ba a cin foloni da sanyinsa a gidana. Amaryarku tana yanka shi ƙanana ta soya da albasa da attaruhu har ya yi ja sosai, ta zuba a ƙwai ko a taliyar yara, wani lokaci a dafa-duka. Ta taɓa gwada shi a miyar kuka, bai yi ba ko kaɗan, ya kumbura ya saki ɗanɗanonsa a ruwa. Da take da cikin ƙaramar ma dainawa ta yi gaba ɗaya.

Batun kafa sana'ar a Kano kuwa, Yaya, ban ba ka shawara ba. Wannan nama ne da rayuwarsa take rataye a kan sanyi tun daga masana'anta zuwa mota zuwa shago zuwa gida. Nan ma lokacin da ake ɗauke wuta bisa jadawali na sha zubar da wanda ya yi yauƙi. Ka tuna zafin Afrilu a Kano da yadda wutarmu take. Kilishinmu kuwa yana wata a cikin takarda babu abin da ya same shi. Su ma suna da busasshen nama, biltong, mai kauri, da ruwan tsami da gishiri suke jiƙa shi su shanya, ba sa gasawa, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin mai cin kota. Na kai abokan aikina wajen wani ɗan Nijar da yake gasa tsire ranar Juma'a, sun ci sun yi ta tambayar me ake barbaɗawa. In da jari a hannunka, ka ƙara shi a kan kilishin da ka riga ka iya, ka gyara masa leda.

Akwai yaron da zai taho nan bayan Sallah. Don Allah a haɗo min yajin tsire da daddawa da ƙuli-ƙuli, amma kada a sa nama, ana ƙwacewa a filin jirgi. A gaishe min da Inna, a ce mata ina cin abinci.