Ma'aunin ruwa ko tauraron ɗan'adam: wanne ya fi gaya mana gaskiyar damina?

Hanya biyu ake bi a gane ko ruwan bana ya wuce kima ko ya gaza a Gana. Ta farko ma'aunin ruwan sama, gwangwanin nan mai mazurari da hukumar yanayi ta GMet ke kafawa a tashoshinta. Abin da ya zuba a ciki, shi ne ya sauka, babu kintace. Sai dai wurin da aka kafa shi kaɗai ya sani. Ana iya tafka ruwa a unguwar Nima ta Accra har kwatoci su cika su tumbatsa cikin shaguna, garin Tema da ke kusa kuwa ko yayyafi babu.

Ta biyu tauraron ɗan'adam, yana hango ƙasar gaba ɗaya, daga Axim a bakin teku mai samun sama da milimita 2,000 a shekara har Bolga a arewa mai damina guda. Bayanan CHIRPS, wato ƙiyasin ruwan sama da ake haɗawa daga tauraro da ma'aunan ƙasa, sun faro tun 1981, don haka ana iya gwada bana da farin da aka yi a 1983. Amma sanyin saman gajimare tauraron yake aunawa ya ƙiyasta ruwan, kuma hadarin bakin teku da ba ya yin sama sosai yakan kuɓuce masa.

A ganina, in maganar fari ce mai shigowa sannu a hankali, wadda ke tada farashin masara da doya a kasuwar Agbogbloshie ta Accra, tauraro ya fi. Amma ruwa irin na 3 ga Yuni 2015, da ya cika kogin Odaw ya mamaye yankin Circle a Accra cikin dare ɗaya, yana buƙatar ma'aunai masu yawa cikin unguwanni, masu aika adadi nan take.