Kafin ka kashe kuɗi: zaɓen kayan ƙera ƙaramar motar soja ta da a Legas

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san motar kara da motar langa-langa, kuma da yawa daga cikin masu sha'awar ƙera ƙananan motocin soja a yau daga can hannunsu ya fara faɗawa. Abin da ya bambanta aikin manya da na yara shi ne ma'auni: kowace taya, kowace ƙofa, kowane falle na katako dole ya zama daidai kashi ɗaya cikin adadin da aka zaɓa na motar gaskiya. A nan ne ake asarar kuɗi, domin mutum yakan shiga kasuwa ya kwaso roba da gam da fenti tun bai yanke shawarar motar da zai yi ba. Shawarata ita ce a bi abin a jere, a fara da mota, a duba tayoyinta, tayoyin su zaɓi ma'auni, sannan ma'aunin ya nuna abin da za a saya.

Motoci uku ne na Yaƙin Duniya na Biyu suka fi dacewa a auna su da juna. GMC CCKW ta Amurka, mai ɗaukar tan biyu da rabi, an ƙera fiye da 560,000 daga cikinta tsakanin 1941 da 1945, kuma ita ce ƙashin bayan jigilar Red Ball Express da ta ciyar da rundunonin ƙawance a Faransa daga Agusta zuwa Nuwamba 1944, jigilar da mafi yawan direbobinta baƙaƙen fata ne. Hotunanta da zane-zanen awonta sun cika intanet, wanda babbar riba ce ga maƙeri, amma doguwarta tana da tayoyi goma a ƙasa da ta ajiya, ga bonet da murfin tayoyin gaba masu lanƙwasa. Bedford QL ta Ingila, wadda aka yi kusan 52,000 a cikin waɗannan shekaru, tayoyi huɗu take takawa, ba ta da dogon hanci, kuma bodinta kusan akwati ne. Sai motocin Kanada da ake kira CMP, waɗanda kamfanonin Ford da Chevrolet suka yi wa ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Da gangan aka tsara kansu da shimfiɗaɗɗun falle-fallen ƙarfe don sauƙin ƙira, kuma wannan sauƙin yana bin su har teburin mai yin ƙarama. Ga wanda zai fara, QL ko CMP na fi so. Wanda kuma yake son ya ga wani abu na gida a aikinsa, sunan Bedford ba baƙo ba ne a Legas, tunda a kan shasinta aka ɗora bodin katakon bolekaja, motocin fasinja na da, da dama.

Dalilin da ya sa na ce a duba taya tun farko shi ne, ita ce kaɗai ɓangaren da wuƙa da rula ba sa iya yi cikin sauƙi. Ana iya yanka ƙofa sau uku har ta fito daidai, amma tayoyi goma sha ɗaya masu girma ɗaya da zane ɗaya ba aikin yankan hannu ba ne. Hanyoyi huɗu ne a gaban mutum. Mafi arha ita ce ya ciro su daga motar wasan yara, ya auna tsayinsu, ya raba tsayin tayar gaskiya da shi, duk abin da ya fito shi ne ma'auninsa. Tayar CCKW ta ɗan haura santimita 90 a tsaye, saboda haka tayar wasa mai santimita 2.6 tana nufin ma'aunin 1:35, mai santimita 3.8 kuma 1:24. Aibin wannan hanya shi ne zanen tayoyin wasa ba safai yake kama da na soja ba. Ta biyu ita ce zoben robar da ake toshe yoyon mai da shi a inji, wanda ake samu kala-kala a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Yana ba da da'ira cikakkiya, sai mutum ya manna masa zanen ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin dare. Ta uku ita ce a ƙera taya ɗaya mai kyau, a zuba mata silikon a sami mazubi, a riƙa zuba ruwan rezin ana fitar da irinta. Wannan ce hanyar da nake ganin ta fi daraja ga wanda zai daɗe a harkar, domin mazubi ɗaya yana yin motoci da yawa, sai dai rezin ɗin poliyuretan ba ya shiri da laima, kuma a damina ta Legas, idan aka bar kwalbarsa a buɗe, sai ya fito da kumfa kamar burodi. Ta huɗu ita ce a kai wa masu injin buga abubuwa na 3D. A nan a tambaya da kyau wane irin inji ne: mai narkar da zaren roba yana barin layi-layi da ido ke gani a ƙaramar taya, mai aiki da ruwan rezin da haske kuwa yana fitar da har kan noti. Idan an ce na zare ne kaɗai, to a ajiye shi ga ma'aunin 1:16.

Ma'aunin kansa yana da nasa lissafi. Doguwar CCKW ta kusa mita 7, wato a 1:72 ba ta kai santimita 10 ba, a 1:48 kimanin 14, a 1:35 kusan 20, a 1:24 kimanin 29, a 1:16 kuma ta haura 40. Mutane kan ɗauka ƙarami ya fi sauƙi, alhali a 1:72 hannun ƙofa bai kai ƙwayar gero ba. Babba ma yana da nasa tarko, domin a 1:16 ido yana neman ganin wayoyin inji da maɗaurin sifirin, kuma duk abin da aka bari sai ya fito fili. Ma'aunin 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a duniya, shi ne ya fi kowanne kayan taimako, daga tayoyi zuwa jarkoki da tambura, amma kusan dukkansu sai an yi odarsu daga waje da dala. Wanda ya ƙudura zai yi komai da abin da ke kasuwannin Legas, 1:24 ya fi masa, saboda kaurin kayan da ake samu a nan ya fi dacewa da shi. Ga mazaunin ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, maganar wurin ajiya ma ba ƙarama ba ce.

Kayan jiki shi ne inda zaɓi ya fi yawa. Falle-fallen robar sitirin su ne abin da maƙeran duniya suka fi dogara da shi, kuma da dalili: ana ja musu layi da wuƙa a karya su su rabu tsaf, suna karɓar goga, ba sa jin laima, kuma gam ɗinsu narkar da gefuna biyu yake yi su zama abu guda. Na kamfanin Evergreen da Plastruct suna zuwa da kauri daban-daban, har da sanduna da bututu, sai dai tsada da jiran isowa. Kaurin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: falle mai milimita 1 a ma'aunin 1:35 yana wakiltar ƙarfe mai kaurin santimita 3.5, wanda babu motar ɗaukar kaya da aka yi wa murfin taya da shi. Saboda haka a nemi milimita 1 ko 1.5 don shasi da daɓen bodi, 0.5 don bango da ƙofofi, 0.25 don duk gefen da ido zai gani.

A Legas kuwa wurin nema shi ne wajen masu sayar da kayan allunan talla da na ɗab'i, a Mushin da Shomolu. A nan sai an yi hattara, domin fararen robobi uku ake jerawa wuri ɗaya kuma ba halinsu ɗaya ba. Akwai mai taushi da suke kira Forex, wadda ke yankuwa ba wahala, tana kuma da kyau wajen sassaƙa bonet da kujeru, amma gam ɗin sitirin ba ya kama ta, kuma farce ma yana barin shaida a jikinta. Akwai Perspex mai tauri da ke tsagewa idan aka matsa mata, wadda amfaninta bai wuce akwatin ajiye motar ba. Sai HIPS, wadda ita ce sitirin ɗin da ake nema. Kafin a biya, a roƙi ɗan guntu, a ja masa layi a karya. Idan ya rabu da ƙara a kan layin, kuma ɗigon gam ya sa fuskarsa ta yi danƙo, to ita ce. Kofunan yogot da wasu faranten roba masu lamba 6 a cikin alamar kusurwa uku su ma sitirin ne, kuma suna maye gurbin siririn falle kyauta. Tsohon katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne daidai a ko'ina, yana kuma da kyau, sai dai shi PVC ne, sufa-gulu yake so.

Ƙarfe yana da kyawun da roba ba ta da shi, domin yana lanƙwasa, yana lotsawa, yana ba da kamannin motar da ta sha hanya. Gwangwanin madara da na sadin suna karɓar dalma, kuma 'yan gwangwan za su tara wa mutum su da kuɗi kaɗan, amma iskar Legas mai gishiri da laima tana cin su da tsatsa ta ƙarƙashin fenti idan ba a shafe su ciki da waje ba. Gwangwanin lemo na alminiyam ba ya tsatsa, siriri ne kwarai, almakashi ke yanka shi, ya dace da murfin taya da akwatunan kayan aiki, sai dai ba ya karɓar dalmar da aka saba da ita. Tagulla ta fi su duka, amma ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya yi dukan mota da ita ba; ya sayi waya da siriran sanduna don ƙarafan tamfol da ragar gaban lagireto, ya tsaya nan. Wayar da ke cikin tsohon kebul na lantarki ma tana biyan rabin wannan buƙata.

Kwali ba na ba da shawararsa sai don gwaji, wato a fara haɗa kan motar da shi a ga ko awon ya zauna kafin a taɓa roba. Damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura. Katako kuwa yana da gurbinsa a daɓe da bencinan baya, kuma ragowar siraran fallen katako da kafintoci ke zubarwa ya fi balsa da ake sayowa daga waje, wadda take da taushi da manyan jijiyoyi da ba su dace da ƙaramin ma'auni ba.

Gam guda ɗaya ba ya yin dukan aikin. Na sitirin mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin, shi ne abu ɗaya da nake ganin ya cancanci a yi odarsa ko da an sayi komai a gida, domin kwalba ɗaya tana daɗewa kuma tana barin mahaɗa da tsabta. Sufa-gulu na haɗa ƙarfe da roba, laima kuma tana sa shi saurin kamawa, amma tururinsa yana barin farin dusashe a kan gilashi, don haka gilashin gaba da farin gam na kafinta irin Top Bond ake manna shi. Wannan farin gam ɗin, idan aka sirka shi da ruwa aka jiƙa takardar tishu da shi a kan ƙarafan baya, yana bushewa ya ba da tamfol mai naɗe-naɗe na gaske. Araldite na wuraren da ke ɗaukar nauyi ne, kamar inda ƙafafu suka haɗu da shasi. Gam ɗin masu gyaran takalmi kuwa a nisanta shi da sitirin, yana narkar da ita a hankali har bayan an gama aiki.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon lissafi. Rezar tiyata mai lamba 11 da maƙallinta daga shagon kayan asibiti, rular ƙarfe, ƙananan magagarai, samfefa mai laushi daga masu fentin mota, da ɗan abin huda na hannu, sun isa mota ta farko. Idan kuɗi ya ragu, ma'aunin kauri mai nuna lamba ya fi ƙaramin injin gurza na lantarki amfani nesa ba kusa ba, tunda injin yana gudu da zafin da ke narkar da roba, ga shi kuma yana jiran wuta.

Fenti shi ne na ƙarshe a saye. Na gwangwanin feshi da masu fentin mota ke amfani da shi yana da arha kuma yana ko'ina, amma sinadarinsa yana da zafi, yana iya yamutsa fuskar sitirin idan aka fesa da kauri. A yi siririn shafe na farko daga nesa, a bari ya bushe sosai. A ranar da hadari ya haɗo ko aka wuni ana ruwa, irin na watan Yuni, fentin feshi yakan yi fari-fari saboda laima, a lokacin hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kansa, don haka kwali mai murfi da za a kife a kan motar yana cikin kayan da ake buƙata. Fentin akirilik na masu zane, wanda ake samu wajen masu kayan zane a Yaba, ana sirka shi da ruwa, ba shi da wari mai cutarwa a ɗakin da iyali ke kwana, yana kuma karɓar buroshi idan an yi shafe siriri sau biyu ko uku. Motocin Amurka launin zaitun mai duhu suke sawa, wanda ake samu ta haɗa ruwan ɗorawa mai kama da ƙasa da ɗan baƙi. Na Ingila sun yi launin ƙasa-ƙasa a tsakiyar yaƙi kafin su koma wani kore mai kama da na Amurka a 1944, saboda haka shekarar da mutum ya zaɓa wa Bedford ɗinsa ita za ta faɗa masa launin da zai saya. Kowane aka ɗauka, a tabbata marar sheƙi ne, a kuma ɗan sirka shi da fari ko ruwan ƙasa, domin launin da ya dace da motar mita 7 yakan yi duhu da yawa a jikin mai santimita 20.