City Population: shafin da ya dace a fara da shi wajen neman ƙidayar ƙananan garuruwan Iran

Duk mai neman yawan jama'ar wani ƙaramin gari a Iran, da sanin ƙarƙashin wace hukuma yake, ya fara da shafin intanet na City Population. Daga Jamus ake kula da shi, kyauta ne, da Turanci da Jamusanci. Alƙaluman Iran da ke cikinsa na Cibiyar Ƙididdiga ta ƙasar ne, an jera na ƙidayar 2006 da 2011 da 2016 kusa da juna. Kallo ɗaya ya isa ka ga ko gari na ƙaruwa ko mutanensa na watsewa. Ga taswira, ga kuma sunan gari da rubutun Farisanci, wanda shi ne abin da ya fi burge ni.

Sai dai shafin ba ya koya maka tsarin mulkin ƙasar, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Iran na da larduna 31, ana kiran kowanne ostan. Lardi ya kasu zuwa shahrestan, shi kuma zuwa bakhsh. A cikin bakhsh akwai birane, sannan akwai dehestan, wato gungun ƙauyuka. Matsala ita ce suna ɗaya na iya zama na gari, na bakhsh, har na shahrestan baki ɗaya. Wanda bai duba matsayin da aka rubuta a gefen sunan ba sai ya ɗauki jama'ar yanki guda ya ɗora wa gari ɗaya.

Kada kuma kalmar birni ta ruɗe ka. Daga ƙidayar 1986, duk wurin da ke da hukumar gari ana lissafa shi birni. Kafin nan ma'aunin mutum 5,000 ne. Shi ya sa za ka ga Deyhuk, da ke bakin hamada a yankin Tabas, cikin jerin birane alhali mutanensa 'yan dubbai ne kawai. Hedikwatar bakhsh ce, da hukumarta da magajin garinta.

Tabas ɗin ma darasi ne. A ƙidayar 2011 yana lardin Yazd, a 2013 aka mayar da shi Khorasan ta Kudu. Mai riƙe da tsohuwar takarda zai yi ta laluben Deyhuk a Yazd bai gan shi ba. Ita kanta Khorasan an raba ta uku a 2004, lardin Alborz kuwa an ɓalle shi daga lardin Tehran a 2010. Saboda haka a riƙa rubuta shekara tare da sunan lardi.

Sunaye masu kama da juna su ne babban ciwon kai. A ƙidayar 2016 akwai Eshqabad a yankin Tabas, akwai wata a yankin Nishabur, kuma da wannan sunan Farisawa ke kiran babban birnin Turkmenistan. Su Aliabad da Hoseynabad kuwa ba su ƙirguwa. Rubutun boko ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: wani ya rubuta q, wani gh. Wanda ya iya ajami ya huta, domin zai karanta asalin sunan, in ya kiyaye haruffa huɗu da Larabci ba shi da su: پ da چ da ژ da گ. Gara a kwafi sunan daga shafin a kan a buga shi da madannin Larabci, tunda ya'un da kafun Farisanci daban suke a kwamfuta, bincike sai ya dawo wayam.

Inda shafin bai gamsar ba shi ne ƙauyuka da yawan gidaje. Don waɗannan gara a koma takardun Cibiyar Ƙididdiga. Can kuwa shekarun na kalandar Iran ne: 1385 da 1390 da 1395. A ƙara 621 a samu shekarar miladiyya, da yake a kaka aka yi ƙidayoyin. Harshen mutanen gari ma ba a teburin za ka same shi ba. Tabas Farisanci suke yi, amma akwai garuruwan Kurdawa da Azarawa da Balochawa, don haka kasancewar gari a Iran bai isa hujjar cewa Farisanci ake yi a cikinsa ba.

Ga ɗalibi ko ɗan jarida da ke son adadi cikin gaggawa, shafin ya wadatar. Mai son matsayin gari na yau sai ya ƙara bincike, domin an ƙirƙiri sababbin shahrestan da dama bayan 2016.